Abin da Jini Ya Tuna

Da asuba jiragen Kamara di Lobush suka dawo,
ƙugiyoyinsu sun kwana a zurfin da rana ba ta sani ba.
Baffana Fortunato ya sauke baƙin kifi,
dogo kamar takobi, ido a zare,
haƙora a waje har bayan mutuwa.
Shekara hamsin da biyu yana cin sa da soyayyar ayaba,
bai taɓa tambayar kifin me shi ma ya ci ba.

Ni ce mai tambayar.
A asibitin Funshal nake ɗaure dantse da roba,
in lallaɓi jijiya har ta yarda,
in cika 'yar kwalba,
in rubuta lamba a gurbin suna.

Zaiba nake nema,
ba mai ƙyallin nan da ke watsewa ta sake haɗuwa ba.
Wannan ta sauya kama a cikin teku,
halittun da ido ba ya gani suka ɗinka mata riga,
ta shiga ɗan kifi, babba ya haɗiye ɗan kifin,
wanda ya fi shi baki ya haɗiye shi,
kowa ya gaji bashin wanda ya cinye.
A ƙarshen layin akwai faranti.
A gaban farantin akwai baffana.

Na'urarmu jimla take ba ni, ba ta rarrabewa.
Sai in zauna da biro kamar mai rabon gado:
nawa ne na cikon haƙori, nawa ne na teku?
Ga wanda ba ya cin kifi lissafin kan cije,
ga irinmu kuwa, kusan duka ruwa ne ya kawo.
Sannan in taka da baya, daga jini zuwa cokali,
in auna nauyin mutum, in ƙiyasta jinin jikinsa,
in ƙirga kwanakin da rabinta ke yi kafin ya fita,
wajen wata biyu, in ba a ƙara ba.
To wa zai fasa ƙari
a garin da Juma'a kifi, Asabar kifi?

Na ce, baffa, sau nawa a mako?
Ya ce biyu.
Ermelinda ta bayansa ta ɗaga yatsu shida.
Baki kan tauye mudu, jini ba ya karɓar toshiya,
sai dai shi ma gajeren tunani gare shi.
Tsohon labari yana wurin gashi,
kuma baffa ba shi da ko sili a ka.

Ba lambarsa ce ta hana ni barci ba.
Ta 'yarsa ce, Graciete, mai cikin wata huɗu,
ta ɗan gota layin da aka ja.
Na san cibiya ba ƙofa ba ce mai sakata,
na ciki kan sami kaso fiye da na uwa.
Na kuma san ƙiyasi ƙiyasi ne,
yana da gefe biyu kamar kwalekwale,
kuma kifin nan shi ya gina ƙashinmu duka.

Na ce mata, kada ki yi gaba da teku.
Ki ci ƙanana, waɗanda ba su daɗe a duniya ba
balle su tara abin wasu.
Babban ki bar shi tukuna. Ki dawo in sake dubawa.

Baffa ya ji, ya yi tsaki,
ya ce kakansa ya kai casa'in da haƙoransa,
ya ce takarda ba ta taɓa jan koma ba.
Ban musa ba.

Washegari Graciete ta buɗe ƙofa,
ta tarar da kwando a kan dakali, ba sallama,
cike da 'yan sadin masu sheƙi, ƙanƙara na narkewa.
Can ƙasa a bakin gaɓa
wani tsoho mai sanƙo yana cinikin baƙin kifi,
ya ba gidan baya,
kamar ba shi ba.